Darasi: Ɗaga Daɓen Katako Don Isa Ga Bututu Mai Yoyo

Jidda gari ne da ruwan sama bai cika sauka ba. Abin da ake samu a shekara guda bai kai rabin abin da Kano ke samu a watan Agusta kaɗai ba. Duk da haka masu gyaran famfo da kafintocin garin ba sa rabuwa da kira a kan magana ɗaya: katakon daɓe ya kumbura, bakinsa ya ɗago, ɗaki na warin danshi, in an taka wani wuri sai a ji yana lotsawa. Ruwa ya shiga ƙarƙashi, kuma ba daga sama ya zo ba.

Ruwan da ke zuba ɗin nan ba na banza ba ne. Tun 1907, zamanin Turkawa, aka kafa wa Jidda injin tace ruwan teku mai aiki da kwal, wanda mutanen gari suka sani da Kindasa. A 1947, shekarar da aka rushe ganuwar birnin, ruwan Ainul Aziziyya ya iso ta bututu daga Wadi Fatima. Yau mafi yawan abin da ke fitowa a famfo daga Bahar Maliya yake, an cire masa gishiri, kaso mai yawa kuma daga matatar Shu'aiba, kimanin kilomita 100 kudu da gari. Da aka shigo da sabon farashi a farkon 2016, kuɗin ruwa mai hawa-hawa ya ƙara tsada: mita-kubik na farko-farko halala 10 ne, amma wanda ya haura mita-kubik 60 a wata yana biyan riyal 6 a kan kowane ƙari, ban da kuɗin magudana. Koke-koken da suka biyo baya sun yi yawa har aka sauke ministan ruwa da lantarki, Abdullahi Al-Husayyin, a watan Afrilun shekarar.

Lissafin ba shi da wuya. Bututun da ke zubar da rubu'in lita a minti ɗaya, abin da ko kofin shayi biyu bai cika kaiwa ba, yana zubar da lita 360 a yini, lita 10,800 a wata. Wannan ya isa ya tura gida daga mataki mai sauƙi zuwa mai tsada, ya kuma jiƙa duk abin da ke ƙarƙashin ɗaki.

Hausawan Jidda suna da hannu a wannan magana ta fuska biyu. Bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail inda Takari suka daɗe da zama, iyalai da yawa sun koma gidajen haya na bene, wasu sun tarar da ɗakuna masu daɓen katako. Akwai kuma matasa masu koyon aikin hannu, waɗanda su ne ake miƙa wa guduma a ce su buɗe ƙasa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

A Ingila ko Amurka, tsohon gida yana da katakai da aka buga a kan ginshiƙan itace, ƙarƙashinsu fili ne, bututu na ratsawa a sarari. A ɗaga falanki ɗaya a leƙa, an ga matsala. Wanda ya kalli bidiyon irin wannan aiki a waya ya zo zai yi haka a Jidda, zai sha mamaki.

Gidan Jidda na zamani kankare ne. A kan dakalin kankaren ake shimfiɗa bututan ruwa da na wayar lantarki, a zuba yashi mai kaurin 'yan santimita a binne su, wanda magina ke kira dafan. A kan yashin ake zuba kwaɓin siminti a jera tayil ko marmara. Katakon da ake kira barke daga baya yake zuwa, sau da yawa shekaru bayan gini, a shimfiɗa siririn soso a kan tayil a ɗora shi. Ke nan tsakanin ƙafa da bututu akwai katako, soso, tayil, siminti, sannan yashi.

Yashin nan shi ne tushen ruɗani. Ba ya riƙe ruwa a wuri ɗaya, yaɗa shi yake yi. Bututu zai tsage a bakin banɗaki, ruwa ya bi yashi ya gangara inda dakali ya fi kwari, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya je ya tsattsafo ta tsakanin tayil a tsakiyar falo, mita huɗu ko biyar daga inda ya fito. A nan katako zai kumbura. Uwargida za ta nuna wurin ta ce, "Malam, ga shi nan, nan za a buɗe." Tana da gaskiya cewa nan ne ɓarna ta bayyana, amma Hausawa sun ce ba inda aka faɗi ake dubawa ba, inda aka yi tuntuɓe. Mai aikin da ya sa zarto a wurin kumburin zai yanka katako mai kyau, ya fasa tayil, ya tarar da jiƙaƙƙen yashi babu ko alamar bututu, sannan ya ci gaba da fasa yana bin danshi har ya gama da rabin ɗaki. Mafi yawan katakon da ake asara a irin wannan aiki, hannun mai gyara ne ya lalata shi kafin ruwa ya gama nasa.

Neman inda yake yoyo

Tambayar farko ita ce ko bututu ne ma. A Jidda na'urar sanyaya ɗaki na aiki kusan duk shekara, kuma saboda laimar teku tana tatsar ruwa mai yawa daga iska. Ruwan yana fita ta siririn bututu da aka binne a bango. In ya toshe ko ya zame daga mahaɗinsa, ruwa zai sauko ta cikin bango ya shiga ƙarƙashin katako. Alamarsa ita ce kumburin ya fi yawa a gindin bangon da na'urar take. A kashe ta kwana biyu a gani ko danshin ya ja baya. Akwai kuma banɗakin da kwaltar hana ruwa ta ƙarƙashinsa ta mutu, da ruwan gugar ɗaki da ake kwararawa da bokiti kamar a kan siminti. A hawan ƙasa, wasu unguwannin garin na fama da tasowar ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda yoyon bututan titi da ramukan bahaya suka daɗe suna ƙara wa yawa. Duk waɗannan babu wanda ɗaga katako zai warkar.

In zargi ya tsaya a kan bututu, sai a gwada. A wasu ƙasashe akan rufe duk famfo a kalli mita, in tana juyawa akwai yoyo. A Jidda wannan bai wadatar ba, domin ruwan Kamfanin Ruwa na Ƙasa yana fara shiga tankin ƙasa ne, inji ya tura shi tankin saman bene, daga can ya sauko ɗakuna. Mita ba ta ganin abin da ke faruwa bayan tanki, kuma a gidaje da yawa mita ɗaya ce ga dukan bene. Saboda haka tankin sama ake gwadawa. A kashe injin turawa, a rufe duk famfo, a rufe makullin tankin masai, a sa alama a daidai bakin ruwa, a bar shi dare guda. In faɗin tankin murabba'in mita ɗaya ne, saukar santimita ɗaya na nufin lita 10 sun tafi.

Daga nan sai a rarrabe. Kowane banɗaki da kicin yana da makullinsa, wanda ake kira mahbas. A rufe ɗaya, a sake gwaji. Ranar da ruwan tanki ya daina sauka, layin da aka rufe shi ne mai laifi. A rufe makullin hita a gane ko layin zafi ne ko na sanyi. In babu abin da ya ragu a tanki amma danshi na ƙaruwa duk lokacin da aka yi wanka ko wanke-wanke, to magudana ce, ba layin shigowa ba.

Wani abu da ke yaudarar baƙo: wuri mai ɗumi a ƙasa ba lallai ne layin hita ba. Da rani, tankin da ya yini a rana a saman bene yana aiko da ruwan da hannu ba ya iya jurewa ta famfon da ake kira na sanyi.

Aikin ƙarshe na masu na'ura ne, kuma garin cike yake da kamfanonin gano yoyo. Suna zare ruwa daga layin, su hura masa iskar naitirojin da ƙarfi, su bi ƙasa da na'urar saurare har inda ƙarar fitar iska ta fi tsanani. Wasu na haɗawa da kyamarar da ke nuna bambancin zafi. Kuɗin wannan gwaji ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kuɗin sabon daɓe, kuma mai aiki na gari ba ya jin kunyar cewa a kira su. A tsaya sai sun zana da'ira a ƙasa kafin a taɓa katako.

Kafin a fara, ɗan haya ya sanar da mai gida ko haris mai kula da benen, a duba abin da yarjejeniyar haya ta Ijar ta ce a kan wanda gyara ya rataya a wuyansa, a ɗauki hoton ɗakin yadda yake. A leƙa wurin maƙwabcin da ke ƙasa, sau da yawa silin ɗinsa ya riga ya nuna tabo, tabon kuma shaida ne. A rufe ruwa. A kashe wutar ɗakin daga babban allo, domin wayoyi na kwance cikin yashin da ya jiƙe.

Katako mai maƙalewa

Daɓen katako iri uku ne, kowanne da yadda ake buɗe shi. Hanyar ganewa ita ce a cire ƙarfen bakin ƙofa a kalli katakon ta gefe, a kuma danna shi. In yana ɗan motsi kuma akwai soso a ƙasa, mai maƙalewa ne. In ya kama ƙasa gam, an manna shi. In ƙwanƙwasawa na ba da amon rami, a kan sanduna aka buga shi.

Mai maƙalewa shi ya fi yawa a gidajen haya. Ba gundarin itace ba ne, garin katako ne da aka matse da ƙarfi aka lulluɓe da hoton itace da fata mai tauri, kaurinsa yawanci milimita 8. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, kuma a shekarun 1990 kamfanonin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam suka fito da bakin da ke maƙalewa ba tare da gam ba. Babu ƙusa, babu manni, dukan daɓen kwance yake a kan soso. Wannan ne irin da za a iya ɗagawa a mayar ba a yi asarar ko falanki ɗaya ba, in an bi shi ta hanyarsa.

Hanyar kuwa daga bango take farawa, ko da yoyon na tsakiyar ɗaki. Kowane falanki yana da namiji a gefe ɗaya, mace a ɗaya gefen, kuma an jera su sahu bayan sahu, na baya ya danne bakin na gaba. Sai an warware daga sahun da aka sa a ƙarshe. Ana gane shi da cewa sau da yawa an tsaga shi a tsaye don ya cike ragowar wuri, ya fi sauran siranta. Wanda ya fara daga ɗaya bangon zai ga katakon na turjewa, in ya matsa masa bakin ya karye.

Da farko a cire katakon gindin bango, wanda a Jidda ake kira na'ala. A bi samansa da reza a yanke fenti ko silikon da ya haɗa shi da bango, in ba haka ba zai ɓanɓaro fenti ya tafi da shi. A sa faffaɗan ƙarfe mara kauri a bayansa, a jingina shi da ɗan guntun katako don kada ya huda filasta, a riƙa turowa kaɗan-kaɗan daga wannan kai zuwa wancan. A rubuta lamba a bayan kowanne.

Yanzu tazarar da ke tsakanin daɓe da bango ta bayyana, milimita 8 zuwa 10. A nan ake sa yatsu ko ƙugiya. Ba falanki ɗaya ake ɗagawa ba, sahu guda ake ɗagawa gaba ɗaya, shi ya sa aikin na mutum biyu ne ko uku a dogon ɗaki. A ɗaga gefen da ke bango sama kamar digiri 20 zuwa 30, a ja shi baya a hankali, zai saki. Sannan a kwantar da sahun a ƙasa a raba katakan ta gajeren gefe. A nan mutane ke yin ɓarna. Wasu ire-iren ana ɗaga kai ɗaya ne ya fita, amma da yawa daga na zamani suna da ɗan harshen roba a ciki, kuma waɗannan zamewa ake yi da su a kwance, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, har su rabu. In an ɗaga irin wannan sama, maƙallin ya tafi ke nan. A gwada da na farko a hankali. Duk inda katako ya ƙi, akwai abin da ba a gane ba tukuna, ƙarfi ba zai gyara ba.

Kowane falanki da ya fito a juya shi a rubuta masa sahu da matsayi, misali 3/1, 3/2, 3/3, da kibiya mai nuna taga. Na gefe-gefe an yanka su daidai wurinsu, ba za su zauna a wani wuri ba. A jera su kwance a wani ɗaki busasshe, kada a jingina su a tsaye da bango, za su lanƙwashe. A ci gaba da ɗagawa har a wuce iyakar danshi da sahu biyu, ba iyakar da'irar mai na'ura kawai ba. Soson da ya jiƙe a zubar da shi.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa wa mai gida tun da wuri: falankin irin wannan da ya riga ya kumbura ba ya komawa. Ko an shanya shi wata guda, bakinsa zai zauna a buɗe. A nemi ragowar kwalin da aka ajiye lokacin shimfiɗawa. In babu, a ɗauki guda a je kasuwa da shi, domin kala kan yi kama amma bakin maƙalewa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ba a samu irinsa ba, dabarar kafintoci ita ce a ɗauko masu kyau daga ƙarƙashin gado ko kabad a sa a fili, a kai baƙin can inda ido ba ya kaiwa.

Na manni da na ƙusa

Gundarin itace da aka manna da gam a kan siminti ba ya fitowa lafiya, kuma duk wanda ya yi alkawarin haka bai faɗi gaskiya ba. Abin da ake iya yi shi ne a taƙaita asara: a zaɓi falanki ɗaya ko biyu a sadaukar. A rufe na kewaye da salatif mai kauri. A auna kaurin katakon a bakin ƙofa, a saita zarton lantarki mai faifai daidai wannan kauri, ko milimita ɗaya kada ya ƙaru. A yi yanka biyu a tsawon falankin, a ciki, nesa da gefuna, a cire tsakiyar da cizal, sannan a janyo ragowar gefunan zuwa cikin ramin, don kada bakin maƙwabtansa ya tsage. A kankare tsohon gam tas kafin a mayar da sabo.

Na ƙusa ana samunsa a wasu manyan gidaje, da dandamalin majalisa, da ɗakunan wasanni. Katakan na shiga juna da harshe da kwarmi, ƙusa kuma a ɓoye take cikin harshen. A nan ƙaramin zarton lantarki mai karkarwa ya fi amfani, saboda bakinsa siriri ne. A bi tsagar da ke tsakanin katako biyu a yanke harshen, ana kula da zurfi, domin bututu ko waya na iya kasancewa dab da ƙasa. In ana son gajarta falankin, a yanka shi a daidai tsakiyar sandar da ke ƙarƙashi, yadda kowane kai zai sami abin zama. Layin ƙusoshi ne ke nuna inda sandar take, maganaɗisu na taimakawa wajen gano su. Sai a sa faffaɗan cizal a ɗaga kaɗan a nan, kaɗan a can, ana cusa guntun itace a ƙarƙashi don kada ya koma. Da na farko ya fita, sauran sun yi sauƙi. Ƙusoshin ta baya ake zare su da filaya. In an buga su suka fito ta fuska, za su tsaga ta.

Wajen mayarwa, falankin ƙarshe ba zai shiga ba sai an yanke leɓen ƙasa na kwarminsa. A ɗaure shi da sukuru maimakon ƙusa, don gobe.

Gidajen Balad

Akwai wurin da duk wannan bayani ya tsaya a bakin ƙofa, wato tsohon gari, Al-Balad, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. An gina gidajensa da dutsen murjani da ake kira mangabi, kuma saboda dutsen ba shi da ƙarfi sosai, magina na ratsa bango da katako a kwance, takalil, kusan kowace mita guda, don raba nauyi. Benen kuwa sandunan itacen ƙandal ne aka jera, aka shimfiɗa tabarmin kaba, aka zuba ƙasa da farar ƙasa a kai. Duk wanda ya san rufin azara na soron Kano ko Zariya ya san wannan gini. Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, shi ne mafi shahara a cikinsu.

An gina waɗannan gidaje ba tare da bututu ba. 'Yan ga-ruwa ne ke kawo ruwa, ana kuma tara na sama a rijiyoyin ajiya. Da famfo ya zo, sai aka huda bango aka ratsa bene aka cusa bututai inda ba a tanadar musu wuri ba. Dutsen murjani na shan ruwa, gishirin da ke cikinsa na narkewa ya ci shi, kan sandar da ke cikin bango na ruɓewa, gara kuma ta samu abin da take so. Gidaje da dama sun rushe a Balad, danshi na cikin manyan dalilai. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa. A irin wannan gida itacen da ke ƙarƙashin ƙafa shi ke ɗauke da benen, ba ado ba ne. Mai gyara ya rufe ruwa, ya fitar da mutane daga ɗakin in ƙasa na lotsawa, ya kai rahoto ga hukumar kula da tsohon gari da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu. Kada ya cire ko sanda ɗaya da ra'ayin kansa.

Daga tayil zuwa bututu

A gidan zamani, bayan katako saura tayil. A yanke simintin da ke kewaye da tayil ɗin da aka zaɓa tukuna, don girgiza kada ta tsaga na kusa, sannan a fasa shi daga tsakiya. Da an kai ga yashi a ajiye guduma, a tona da cokalin magini da hannu.

Abin da za a tarar ya danganta da shekarun gidan. Tsofaffin gidaje na da bututun ƙarfe, wanda tsatsa ke ci daga ciki. In ya huje a wuri ɗaya, sauran ma na kan hanya, kuma shawara mafi kyau ita ce a kashe layin baki ɗaya a ja sabo ta bango ko ta silin. Na baya-bayan nan koren bututun roba ne, PPR, wanda ake haɗawa da zafi. Yawanci a mahaɗa yake yoyo, inda aka yi gaggawa ranar farko. A yanke wurin, a busar da cikin bututun sarai, a bar injin haɗi ya kai digiri 260. Bututu mai faɗin milimita 20 daƙiƙa 5 yake so a wuta, mai 25 daƙiƙa 7. A tura a miƙe, ban da murɗawa. In ya daɗe a wuta robar za ta narke ta toshe hanya. Naɗa roba ko shafa gam a kan tsaga ba gyara ba ne a wurin da za a binne.

Kada a rufe sai an gwada da famfon matsi, a kai matsin kamar bar 10, a zuba wa allurar ido na awa ɗaya ko fiye. In ta sauka, akwai wani wurin. A ɗauki hoton bututun da ma'auni a gefensa, daga bango biyu, a ba mai gida.

Bushewa

Nan ne haƙurin kowa ke ƙarewa. Bututu ya gyaru, kaya na jibge a falo, yara ba su da wurin kwana, mai gida na cewa a mayar yau. Amma yashin da ya sha ruwa na makonni ba ya bushewa a yini ɗaya. A kwashe jiƙaƙƙen da hannu ya kai gare shi a zuba busasshe, a bar ramin a buɗe, a sa fanka. Buɗe taga a Jidda, musamman a ƙarshen rani lokacin da laima ke haura kashi 80 cikin 100, ƙara danshi yake yi. A rufe tagogi a kunna na'urar sanyaya ɗaki, ko a yi hayar na'urar tsotse laima. Fumfuna na iya kama wuri mai danshi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka a wanke tayil ɗin da ya zauna ƙarƙashin soso da kyau, musamman in akwai mai asma a gidan.

Akwai gwaji mara tsada. A yanki leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a manna ta a ƙasa da salatif ta ko'ina, a bar ta aƙalla awa 16. In an ɗaga an ga raɓa a cikinta ko ƙasan ya yi duhu, da saura. A yi a wurare uku ko huɗu, har da nesa da inda aka tona. Mai na'urar auna danshi ya fi samun tabbaci.

Gundarin itace da gefunansa suka ɗago tsakiya ta lotsa yakan koma daidai da kansa in ƙasansa ya bushe, ko da zai ɗauki makonni. Kada a goge shi da inji kafin nan. In an goge gefunan yana jiƙe, ranar da ya bushe tsakiyar ce za ta yi tozo.

Sababbin katakai su kwana biyu a ɗakin cikin kwalinsu kafin a sa su. A shimfiɗa leda mai hana danshi, a ɗora sabon soso, a bi lambobi a mayar da sahu-sahu, na ƙarshen fita shi ne na farkon shiga. A share ƙura daga kowane kwarmi, ƙwayar yashi ɗaya na hana baki rufewa. A bar tazarar nan ta milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, kuma a buga na'ala a bango, ba a daɓe ba, don katako ya sami damar motsi tsakanin rani da sanyi.

Aikin gwaji

Ɗalibai su kasu uku-uku. Kowane rukuni ya samo ragowar katako mai maƙalewa guda shida, ya jera su sahu biyu a ƙasan aji, ya gano wane gefe ne namiji, wane ne mace, da sahun da ya kamata a fara ɗagawa, sannan ya warware ya mayar sau biyu ba tare da karya baki ba. Bayan haka kowane ɗalibi ya zana taswirar gidan da yake zaune, ya nuna tanki, da kowane mahbas, da inda bututun na'urar sanyaya ɗaki ke zubarwa, ya kuma lissafa lita nawa suka ɓace a wata in ruwan tanki mai faɗin murabba'in mita biyu yana sauka da santimita 3 a cikin awa 8.